Yadda Ake Gina Labarin Binciken Kisan Kai a Zamanin Bauta: Jagora Daga Birnin Salvador na Bahiya

Labarin binciken kisan kai yana tsayawa ne a kan alkawarin da marubuci ya ɗaukar wa mai karatu, cewa an kashe mutum, akwai wanda ya kashe shi, kuma kafin a rufe littafin za a san ko wane ne. A ƙasar da doka ta ɗauki wasu mutane a matsayin dukiya, ta kuma auna darajar sauran da launin fatarsu, cika wannan alkawari yana da wuyar gaske, domin wanda ya ga abin da ya faru da idonsa sau da yawa shi ne doka ta hana yin rantsuwa a gaban alƙali. A ganina daga nan ya kamata a gina irin wannan labari tun daga tushe, wato daga tambayar wa aka yarje wa ya yi magana, kuma maganar wa ake karɓa. Matakan da ke tafe duk a kan wannan aka ɗora su.

Misalin da za a bi shi ne birnin Salvador, hedikwatar lardin Bahiya a Birazil, tsakanin 1807 da 1835. Marubucin Hausa yana da haƙƙi na musamman a wannan wuri, saboda yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da dama hannun fataken bayi, aka gangara da su gaɓar teku ta Ikko da Wida da Badagiri, kuma da yawansu a Bahiya aka sauke su.

Mataki na farko: tsayar da gari da shekara

Kada a rubuta "zamanin bauta" a dunƙule kamar duk shekarunsa ɗaya ne. Birazil ta karɓi 'yan Afirka fiye da miliyan 4, ba ta kuma soke bauta ba sai ranar 13 ga Mayu 1888, saboda haka dole ne a zaɓi shekara guda a san abin da ke damun mutanen gari a cikinta. A 1807 hukumar Salvador ta bankaɗo wani shirin tawaye na Hausawa, a 1809 da 1814 aka yi wasu boren da Hausawa ke gaba a cikinsu. A 1822 ƙasar ta ɓalle daga Fotugal. Ranar 7 ga Nuwamba 1831 aka kafa dokar da ta ce duk ɗan Afirka da aka shigo da shi daga ranar ɗa ne, amma fatake suka ci gaba da sauke bayi a ɓoye har zuwa 1850. A daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi, Musulmin Afirka kimanin 600, galibinsu Yarabawa, suka fito titunan birnin da makamai, aka kashe kusan 70 daga cikinsu.

Kowace shekara a nan tana ba da labari iri daban. Gawar da aka tsinta a Disamba 1834 za a bincike ta ne a garin da ke gudanar da harkokinsa yadda ya saba, amma wadda aka tsinta a Fabrairu 1835 za ta faɗo cikin garin da ake fasa ɗakunan 'yan Afirka, inda takarda ɗaya mai rubutun Larabci ta isa ta kai mutum kurkuku. Ni da zan zaɓa, watannin ƙarshe na 1834 zan ɗauka, domin mai karatu ya san abin da ke tafe alhali mutanen cikin labarin ba su sani ba.

Mataki na biyu: karanta doka kafin ka ƙirƙiri gawa

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne marubuta suka fi yin sakaci. Birazil ta samu kundin laifuffuka a 1830 da kundin tsarin shari'ar laifuffuka a 1832, kuma abubuwa huɗu daga cikinsu sun isa su tsara maka labari gaba ɗaya. Bawa ba ya zama shaidar da ake rantsarwa, sai dai a saurare shi a matsayin mai ba da bayani, alƙali ya ba maganarsa nauyin da ya ga dama. Ba a karɓar ƙarar bawa a kan ubangidansa. Doka ta halatta wa ubangida yi wa bawansa horo "matsakaici", ba tare da ta auna inda matsakaicin ya tsaya ba. Bawan da aka samu da laifin da bai kai na kisa ko aikin sarƙa ba, bulala ake yanke masa, ba a wuce 50 a rana ɗaya, wanda ke nufin hukuncin bulala ɗari da yawa yakan ɗauki makonni ana aiwatar da shi. Bayan tawayen watan Janairu, dokar 10 ga Yuni 1835 ta tanadi kisa, ba tare da ɗaukaka ƙara ba, ga bawan da ya kashe ubangidansa, ko matar ubangidan, ko mai kula da bayi, ko ya ba su guba, ko ya ji musu mummunan rauni.

Sai ka zauna da takarda ka jera mutanen labarinka, a gaban kowane suna ka rubuta abu uku: me ya sani, wa zai iya faɗa wa, kuma me zai same shi idan ya faɗa. Kuyangar da ke kwana a bakin ƙofar uwargijiyarta ta san wanda ya fita da tsakar dare, amma in ta buɗe baki ana iya sayar da ita zuwa gonar rake, a raba ta da ɗanta. Wannan jeri shi zai nuna maka inda labarin zai cije, ba sai ka ƙago shirun ƙarya ba.

Ka kuma san wanda ke gudanar da binciken a hukumance. A waɗannan shekaru alƙalin sulhu na unguwa, wanda zaɓensa ake yi daga masu hali, shi ke sa a duba gawa, ya tara bayanai, ya ba da umarnin kamu, yana da masu sa ido a kowane rukunin gidaje, sannan masu taya alƙali yanke hukunci su zauna a kan shari'ar. Sai a 1841 aka karɓe yawancin wannan iko aka miƙa wa jami'an 'yan sanda. Alƙalin sulhu maƙwabcin waɗanda yake bincike ne, wataƙila ma suna binsa bashi ko yana binsu, kuma wannan kaɗai ya isa ya karkatar da shari'a.

Akwai wani lissafi da bai kamata ya wuce ka ba. Bawa dukiya ne, saboda haka in an rataye shi ubangida ne ya yi asara. Wannan yakan sa mai bawa ya ɗauko lauya ya kare shi, ko ya ɓoye laifin ya sayar da shi nesa. Ɗan Afirka 'yantacce kuwa ba shi da wanda zai yi asara in an kama shi, don haka shi ne ya fi sauƙin ɗora wa laifi.

Mataki na uku: fahimci matakan launi da asali

Marubucin da ya raba garin gida biyu, farare da baƙaƙe, ya rasa rabin makircin da zai iya ƙullawa. Masana tarihi sun ƙiyasta mutanen Salvador a 1835 da kimanin 65,500, kusan kashi 42 cikin ɗari bayi ne, kuma takardun hukuma suna bambanta farar fata, da ruwa-biyu, da baƙin da aka haifa a Birazil, da wanda aka kawo daga Afirka. Tsarin mulkin 1824 ya ba 'yantaccen da aka haifa a ƙasar matsayin ɗan ƙasa mai taƙaitaccen haƙƙi, amma 'yantaccen da aka haifa a Afirka baƙo ne da ake iya kora. Sojoji da masu farautar gudaddun bayi da yawansu ruwa-biyu ne ko baƙaƙen gida. Wasu 'yantattu su ma sun mallaki bayi. Tsakanin 'yan Afirka kansu akwai Yarabawa da Hausawa da Nufawa da Barebari da mutanen Dahomi da na Angola, kowa da inda yake taruwa.

Jarumi Bahaushe yana kawo wani abu da ba kowane jarumi zai kawo ba, domin ya san bauta tun daga gida. Ya san rinji, ya san murgu, ya san fansa, ya san bacucane, wataƙila ma gidan mahaifinsa akwai bayi. Abin da zai zame masa sabo shi ne ƙasar da launin fata ke bin mutum har bayan ya karɓi takardar 'yancinsa, inda kowane soja zai iya tare shi a hanya ya ce ya tabbatar ba gudu ya yi ba. Marubuci mai gaskiya zai bar jaruminsa ya yi wannan kwatanci a ransa ba tare da ya wanke ko ɗaya daga ƙasashen biyu ba.

Mataki na huɗu: zaɓi mai bincike da dalilinsa

Mai binciken da ya fi dacewa shi ne wanda yake shiga wurare da yawa ba a lura da shi. Salvador ta cika da bayin da ke fita neman kuɗi su kawo wa iyayengijinsu wani kaso a mako, tsarin da ya yi kusa da murgu. Akwai 'yan dako da ke taruwa a kusurwoyin tituna ƙarƙashin shugabansu, da masu ɗaukar kujerar da ake hawa da attajirai daga unguwar bakin ruwa zuwa unguwar kan tudu, da mata masu tallar abinci, da wanzamai masu aski da ƙaho. Mai ɗaukar kujera ya san gidan da aka kai wane, da lokacin da aka dawo da shi. Wanzami yana ganin rauni, yana shiga jirgin ruwa, yana shiga kurkuku.

Tarihi ma ya ba da samfuri. Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará, Bahaushe ne 'yantacce mai cinikin taba da ke koyar da karatu, kuma sunansa ya fito cikin malaman da aka tuhuma a 1835. Wani bawa Bahaushe mai suna Albino shi hukuma ta sa ya karanta mata takardun Larabcin da aka ƙwace. Ka dubi matsayin mutum irin Albino da kyau: shi kaɗai ne a ɗakin ya san abin da takardar ta ƙunsa, waɗanda ke da ikon rataye mutane sun dogara da bakinsa, kuma duk kalmar da ya faɗa ko ya haɗiye tana iya zama ran wani. Ba a buƙatar a sa waɗannan mutane cikin labari da sunayensu, kuma bai dace a jingina musu abin da ba su yi ba, amma matsayinsu abin aro ne.

Sai dalili. Mutumin da tambaya ɗaya za ta iya jawo masa bulala ba ya bincike don sha'awa. Ko dai an kama ɗan'uwansa na jirgi, wato wanda suka ƙetare teku tare, ko kuɗin adashin fansar da aka damƙa masa amana sun ɓace tare da mamacin, ko kuma shi kansa ake shirin ɗora wa laifin.

Mataki na biyar: gawa da musabbabin kisa

Ka rubuta wa kanka labarin kisan daga farko zuwa ƙarshe, da sa'o'insa, kafin ka rubuta babi na ɗaya. Musabbabin ya fito daga tsarin bautar kansa, ta yadda ba za a iya ɗauke labarin a kai shi wani zamani ya zauna daidai ba. Wasiyyar da ta 'yanta baiwa da 'ya'yan da ubangida ya haifa da ita tana rage wa magada gado. Littafin ɗan kasuwa da ke nuna an sauke wasu bayi bayan 1831 yana nufin dukansu 'ya'ya ne a doka, kuma akwai masu gonakin da za su yi kisa don kada a ga wannan littafi. Ubangidan da ya karɓi kuɗin fansa ya ƙi ba da takarda ya tara wa kansa maƙiya, kuma wannan ya faru da gaske ga wani malami bawa a Salvador mai suna Pacífico Licutan, wanda almajiransa suka tara kuɗin fansarsa ba a sake shi ba, daga baya ma aka tsare shi a kurkuku a matsayin jinginar bashin da ake bin ubangidansa.

Wanda aka kashe shi ke tsara yanayin binciken. In farar fata ne, hukuma za ta yi gaggawa, ta kama na kusa, aikin jaruminka ya zama tsere da igiyar rataya. In baiwa ce, babu mai tambaya, za a kai gawar maƙabartar Campo da Pólvora inda ake binne bayi da matalauta, aikinsa ya zama tabbatar da cewa kisa ma aka yi. Na biyun ya fi wuyar rubutawa, amma ya fi nuna yadda garin yake.

Mataki na shida: alamun da zamanin ya yarda da su

Babu hoton yatsa, domin sai a 1892 aka fara kama mai kisa da shi a Ajantina. Babu rukunin jini, wanda aka gano a 1901. Babu hoto kafin 1839, kuma gwajin Marsh na gano gubar asinik a 1836 ya fito. Akwai makarantar likitanci a Salvador tun 1808, saboda haka likita zai iya duba gawa ya faɗi irin makamin da ya yi raunin, amma iyakarsa ke nan.

Abin da ya rage shi ne alamun da jaruminka yake karantawa hukuma ba ta iya ba, kuma a nan marubucin Hausa ya fi kowa jari. Tsagen fuska yana faɗin garin mutum, alhali magatakarda zai rubuta "yana da zane a fuska" kawai ya wuce. Layar da aka samu a wuyan gawa, in an farke ta, wanda ya yi karatun allo zai gane hannun malamin da ya rubuta ta, ya kuma gane ko ayar tsari ce ko wani ne da bai iya ba ya kwaikwayi haruffa don ya jefa Musulmi cikin zargi. Bayi ba sa sa takalmi, don haka gawar da ke sanye da takalmin da bai yi mata daidai ba tana da abin faɗi. Kanta a kafaɗa tana nuna mai ɗaukar kujera. Ka shuka kowace alama a fili tun da wuri, a cikin jimlar da hankalin mai karatu yake kan wani abu, sannan ka tanadi mutum biyu ko uku da ke ɓoye wani sirri na daban, kamar gudadden bawa a ɗakin ƙasa ko taron karatu na dare, domin su ɓad da sawu ba tare da an yaudari mai karatu ba.

Mataki na bakwai: harshe da nuna azaba

Mutanen labarin suna magana da Fotuganci da Yarabanci da Hausa da Larabcin addu'a, kai kuma da Hausa kake rubutu, saboda haka ka bambanta su ta salo. Gaban ubangida jarumin ya yi gajerun jimloli, ya sunkuyar da kai, ya nuna bai gane ba ko da ya gane. Cikin 'yan'uwansa ya saki baki, da karin magana da zolaya, a kira babba Malam ko Baba. Tazarar da ke tsakanin muryoyin nan biyu za ta nuna wa mai karatu zaluncin fiye da dogon sharhi. Kalmomin ƙasƙanci na zamanin su fito daga bakin waɗanda za su faɗe su, kada su shiga muryar mai ba da labari.

Game da bulala da sauran azaba, fage ɗaya da aka rubuta da nutsuwa, aka nuna wanda ke ƙirga bulalar da wanda zai wanke raunin da dare, ya fi goma da aka cika da jini. Ka guji mayar da kowane farar fata dodo, domin mutumin da ke zuwa coci, yana son 'ya'yansa, sannan ya sayar da ɗan kuyangarsa don biyan bashi, ya fi tayar da hankali. Haka nan ka guji kawo wani farar fata mai kirki ya warware komai a babin ƙarshe.

Mataki na takwas: warware ƙulli

Mai karatu yana bin ka bashin sunan mai kisan da hujjar da ta kama shi, wannan ba a tauye shi. Hukunci kuwa sai ya bi ta ƙofar da zamanin ya bari a buɗe. Jarumin zai iya kai hujjar ga abokin gabar mai laifin, wanda zai yi amfani da ita don wata buƙata tasa. Zai iya sayen ran wanda aka kama da shirunsa, ya karɓi takardar 'yancin mutum ɗaya a madadin gaskiyar da ba za a taɓa faɗa a kotu ba. Zai iya yin nasara sannan a saka shi cikin 'yantattun da aka kora zuwa gaɓar Afirka ta Yamma bayan 1835. Kowace ka zaɓa, ka koma jerin da ka yi a mataki na biyu ka tabbatar babu wanda ya yi abin da doka da matsayinsa ba za su bari ba.

Mataki na tara: bitar ƙarshe

Ka karanta rubutun sau ɗaya kana bin alamu kaɗai, kana duba ko kowace ta bayyana kafin a yi amfani da ita. Ka sake karantawa kana farautar abin da bai dace da zamanin ba: fitilun titi na man kifin teku ne, tafiya zuwa garuruwan rake ta kwalekwale ake yi, bawa da dare yana buƙatar takardar izini daga ubangidansa, kuɗin kuma réis ne. Takardun shari'ar 1835, har da rubuce-rubucen Larabcin da aka ƙwace, suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahiya, kuma an yi nazari mai yawa a kansu, saboda haka duk ranar da ka ambata ko hukuncin da ka kawo akwai inda za a gwada shi. Daga ƙarshe ka ƙara ɗan bayani a bayan littafin da ke raba abin da ya faru a tarihi da abin da ka ƙaga, musamman in ka ambaci mutanen gaske irin su Licutan ko Dandará, ka kuma ba wani malamin allo ya duba duk wurin da ka kawo aya ko ka siffanta laya kafin littafin ya tafi wurin ɗab'i.